Daga Saiwar Gyaɗa Zuwa Makullin Banki: Tsokaci Kan Kwamfutar Kwantam

Na san da yawanku kun fi sabawa da alƙalamina a fagen soyayya, kishi da rikicin gidan aure, don haka ba mamaki wani ya ga kan wannan rubutu ya ce to me ya haɗa kifi da kaska? Ku yi mini haƙuri na yau kawai. Akwai wata kalma da ta riga ta shiga kasuwa tun kafin ta shiga makarantunmu, wato kwantam. Za ka ji ta a bakin masu tallar magani, za ka gan ta a jikin sarƙar wuya da aka ce tana korar ciwon jiki, za ka kuma ji ta wajen masu cewa ka zuba kuɗinka wata na'ura za ta ninka maka kafin wata ya mutu. Shi kuwa mutum, da abin da bai san ma'anarsa ba ake cin kasuwarsa. Ni dai iyakacin karatuna sakandare, amma sana'ata ta koya mini abu guda: duk wahalar magana, in an bi ta a hankali za ta faɗu da Hausa.

Abin da ya tsunduma ni cikin wannan bincike ba nisa gare shi ba. Wani mutum ya zo unguwarmu da 'yar na'ura haɗe da kwamfutar cinya, ya ce sunanta kwantam. Za ka riƙe wani ɗan ƙarfe na minti ɗaya, sai ga bayani ya cika allo, wai hantarka ta gaji, ƙodarka ta fara taɓuwa, jininka ya yi kauri. Daga nan sai ya buɗe jaka ya fito da magunguna. Wata maƙwabciyata, mai sana'ar ƙuli-ƙuli, sai da ta karya jarinta ta saya. Da na ba ɗan yayana labari, wanda yake karatun kimiyya a jami'a, sai ya riƙe baki ya ce, "Gwaggo, ai kwamfutar kwantam ta gaskiya ko ɗakin nan naki ba zai ɗauke ta da kayan aikinta ba, kuma ba gwajin hanta take yi ba." Na ce, "To ɗan nan, zauna ka gaya mini me take yi." Tun daga ranar duk hutun da ya zo sai na tsare shi da tambaya, abin da ya ba ni in karanta in karanta, wanda ya shige mini duhu in sake tambaya. Abin da na tara ke nan nake son mu raba.

Bari mu fara da kwamfutar da muka sani. Lokacin da na fara rubutu, a littafin makaranta nake rubuta labari da biro, in kai shagon masu buga takardu a buga mini shafi-shafi. A wancan lokacin gani nake akwatin nan yana da wata ƙwaƙwalwa mai zurfi. Ashe a can cikinsa ba komai sai makunnai, irin makunnin fitilar ɗaki, ko dai a kunne ko a kashe. A kunne ana ce masa 1, a kashe ana ce masa 0, kowane guda kuma sunansa bit. Babban harafin A da kake gani a allo, a wajen kwamfuta jerin makunnai takwas ne kamar haka: 01000001. Hoto, murya, fim, saƙon banki, duk haka ake jera su. Wayar da ke hannunka tana ɗauke da biliyoyin irin waɗannan makunnai, saurin kunnuwa da mutuwarsu shi ne duk abin mamakin. Amma komai saurinsu, kowane ɗaya a kowane lokaci matsayi ɗaya gare shi, ba ya wuce 0 ko 1.

Ita kuwa kalmar kwantam daga harshen Latin aka samo ta, ma'anarta "nawa?" A 1900 wani masani Bajamushe, Max Planck, ya gano cewa ƙarfin zafi da haske ba ya zuba kamar ruwa daga buta, yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya a ƙirge, kamar dunƙulen magi, ko ɗaya ko biyu, babu ɗaya da rabi. Daga nan masana suka shiga leƙa duniyar abubuwan da suka fi ƙanƙanta, wato ƙwayar zarra da abin da ke cikinta, suka tarar dokokin can daban suke da waɗanda muka saba gani a tsakar gida. A 1925 Werner Heisenberg ya tsara lissafin wannan duniya, a 1926 Erwin Schrödinger ya zo da nasa tsarin. Cikar wannan ilimi shekara 100 ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyyar kwantam, kuma ƙasar Ghana ce ta gabatar da ƙudurin a zauren majalisar a 2024. Mun ma daɗe muna cin moriyar ilimin ba tare da mun sani ba, domin da shi aka fahimci yadda za a ƙera makunnan cikin waya da farantin sola da ke kan rufin gidaje.

To, kwamfutar kwantam ita ce wadda aka gina makunnanta da waɗannan ƙananan abubuwa, ko da wasu da'irorin lantarki masu bin dokokinsu. Makunninta ana ce masa kyubit. Bambancinsa da bit shi ne, muddin ba a duba shi ba, yana iya zama cikin wani hali da ya haɗa 0 da 1, kowanne da nauyinsa. Bari in kawo misali daga sana'ata. Sau da yawa nakan kai tsakiyar littafi jarumata tana tsakanin maza biyu, ga Alhaji mai kuɗi da iyaye suke so, ga saurayinta na ƙuruciya da ba shi da ko keke. A wannan lokaci duka ƙarshen biyu suna raye a cikin labarin, wani ya fi wani nauyi, kuma duk babin da na ƙara yana sauya nauyin. Amma ranar da aka buga littafi ya shiga kasuwa, mai karatu ya buɗe shafin ƙarshe, miji ɗaya zai tarar. Haka kyubit yake, da zarar an auna shi sai ya tsaya a 0 ko 1, ɗaya halin ya ɓace.

Sai dai misalin nawa yana da iyaka, kuma daidai inda ya tsaya nan ne asirin yake. Nauyin da ke kan kyubit ba irin na "wataƙila" ba ne kawai, yana da fuska, yana tashi yana sauka kamar igiyar ruwa. Duk wanda ya taɓa jefa duwatsu biyu a kududdufi ya ga yadda da'irorin ruwan suke haɗuwa. Inda tudu ya gamu da tudu sai ruwan ya ƙara tashi, inda tudu ya gamu da kwari sai su kashe juna wurin ya kwanta lumui. Da wannan ɗabi'a ake yin lissafin.

Ga yadda abin yake. Kyubit biyu suna da haɗi huɗu: 00, 01, 10, 11. Uku suna da takwas. Duk wanda ka ƙara guda sai adadin ya ninka. Kafin ka kai kyubit 300, yawan haɗin ya wuce adadin ƙwayoyin zarra da masana suka ƙiyasta a duk sararin samaniyar da ake iya hangowa. Wannan ya sa za ka ji ana cewa na'urar tana gwada dukkan amsoshi lokaci guda. Rabin zance ke nan. In ka buɗe ta ka duba, amsa ɗaya tak za ta ba ka, in kuma ba a yi dabara ba, amsar ta kan mai uwa da wabi ce. Gwanintar ita ce a tsara matakan lissafi yadda amsoshin banza za su kashe juna kamar tudu da kwarin ruwan nan, ita kuma amsar gaskiya ta yi ta ƙara tashi, ta yadda in an duba ita za a fi samu. Matsaloli ƙalilan ne aka samo musu irin wannan dabara. Shi ya sa kwamfutar kwantam ba za ta fi wayarka iya buga wasiƙa, tura hoto ko kallon fim ba, kuma ba don ta maye gurbinta ake gina ta ba.

Akwai abu na biyu, wato sarƙewa. Ana iya haɗa kyubit biyu su zama labarinsu ɗaya, yadda in ka auna wannan ka san abin da wancan zai nuna, ko da an raba su nisan Kano da Makka. Da na ji haka sai na ce ai ba wani abu ba ne, in na sa takalmi ƙafa ɗaya a jaka na aika Zariya, na ga na dama a wajena, na san na hagu ne ya tafi. Ɗan yayana ya ce, "Gwaggo, Einstein ma kusan haka ya yi tunani a 1935, cewa tun farko an riga an yanke amsar, mu ne dai ba mu gani ba." Amma gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna daidaituwar da ke tsakanin abubuwan biyu ta fi ƙarfin wannan bayani na takalmi. A kan haka aka ba Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger kyautar Nobel a 2022. Duk da haka ba a iya aika saƙo ta wannan hanya ya riga haske gudu, domin ba kai ke zaɓar amsar da za ta fito ba.

Mai karatu zai ce to in haka ne me ya hana a cika kasuwa da ita? Wanda ya taɓa zaman gidan haya ya san wuyar riƙe sirri. Magana tana tsakaninka da matarka, da zarar ta ɗaki na kusa ta jiyo, shi ke nan ta tashi daga sirri. Kyubit ma haka yake, halin nan nasa na haɗa 0 da 1 yana nan ne muddin babu mai saurare. Ɗan zafi, 'yar girgiza, ko wani ɗan maganaɗisu da ya gitta, duk maƙwabta ne masu kasa kunne, suna jiyowa lissafi ya rushe. Saboda haka irin na'urorin da kamfanonin Google da IBM suke ginawa ana ajiye zuciyarsu ne a cikin wani firji na musamman mai sanyin da ya kai wajen digiri 273 ƙasa da sifili, sanyin da ya fi na sararin samaniya. Duk da wannan kulawa kuskure yana shiga, dole a tara kyubit masu yawa su riƙa tsaron junansu kafin a samu guda ɗaya abin dogaro.

Tafiyar kuwa a hankali take. A 2001 masu bincike na IBM suka yi amfani da kyubit 7 suka gano cewa 15 ita ce 3 sau 5. Ɗan aji uku zai yi dariya, amma su murna suka yi, don sun ga dabarar tana aiki. A 2019 Google ya ce na'urarsa mai kyubit 53 ta gama wani lissafi cikin daƙiƙa 200, wanda a ƙiyasinsa zai ɗauki babbar kwamfuta shekara 10,000. IBM ya ce a'a, kwana biyu da rabi ya isa. Kuma lissafin na gwaji ne, ba wanda zai amfani kowa ba. A Disambar 2024 Google ya fito da wata mai suna Willow, mai kyubit 105, ya nuna cewa in an ƙara yawan masu tsaron juna kuskure raguwa yake yi maimakon ƙaruwa. A 2025 kuma kyautar Nobel ta koma hannun John Clarke da Michel Devoret da John Martinis, waɗanda tun cikin shekarun 1980 suka nuna cewa da'irar lantarki da ido zai iya gani tana iya bin dokokin kwantam.

Yanzu bari in zo kan abin da ya shafe mu, domin ruwa ba ya tsami banza. Na farko shi ne makulli. A da in littafi ya fito sai in jira 'yan kasuwa su sayar su ba ni nawa a hannu. Yanzu yawancin masu karatuna ta waya suke turo kuɗi, daga Katsina, daga Maraɗi, har daga Jidda. Me ya hana wani ya tsaya a tsakiyar hanya ya karanta saƙon? Wani lissafi ne mai sauƙin ƙullawa, mai wuyar kwancewa. In na ce maka 53 sau 59, ɗan lokaci kaɗan za ka ce 3,127. Amma in na ba ka 3,127 na ce nemo mini lambobi biyun da suka haife ta, sai ka yi ta gwaji. To ka ɗauka lambar tana da alƙaluma 617 a jere. Wannan shi ne tushen makullin RSA da wasu masana uku suka fito da shi a 1977, shi da danginsa ne suka daɗe suna tsaron bankuna da intanet, domin duk kwamfutocin duniya in sun taru ba za su kwance shi ba a tsawon rayuwar ɗan Adam.

A 1994 wani masanin lissafi Ba'amurke, Peter Shor, ya nuna a takarda cewa kwamfutar kwantam mai cikakken ƙarfi za ta kwance wannan ƙulli cikin ɗan lokaci. Kada hankalinka ya tashi, har zuwa 2025 ba a gina mai wannan ƙarfi ba, ko kusa. Amma dubi yadda ƙiyasin yake saukowa: a 2019 an ce sai an samu kyubit miliyan 20, a 2025 wani mai bincike na Google, Craig Gidney, ya ce ƙasa da miliyan ɗaya za su yi aikin cikin ƙasa da mako guda. Kuma mai haƙuri yana iya kwashe saƙonnin da aka kulle yau ya ajiye, ya jira ranar da mabuɗi zai samu. Tun kafin a yi daran aka yi kwandi, shi ya sa a Agustan 2024 hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta fitar da sababbin tsare-tsaren makulli guda uku waɗanda aka gina kan wani lissafi daban, kuma kwamfutar yau da kullum ce take aiki da su. Aikin da ke gaban bankuna da gwamnatoci, har da namu, shi ne su sauya makulli tun ɓarawo bai ƙera mabuɗi ba.

Na biyu shi ya fi taɓa mini zuciya, domin ni 'yar manomi ce. Mahaifina yakan ce gonar da aka noma gyaɗa ko wake bana, in ka sa mata dawa baɗi za ka ga bambanci. In an tuge gyaɗa, muna yara mukan ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar kamar ƙuraje. Ashe gidajen wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, masu kamo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, amma shuka ba ta iya cin sa kai tsaye. Ɗan Adam ma ya koyi kamo shi: Fritz Haber ya gano hanyar a Jamus a 1909, Carl Bosch ya mayar da ita masana'anta a 1913, kuma daga nan ake samun takin zamani irin su yuriya. Sai dai hanyar tana buƙatar zafin da ya kai digiri 400 zuwa 500, da matsin da ya ninka na iskar da muke ciki fiye da sau ɗari, tana kuma cinye kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na makamashin duniya. Ita kuwa saiwar gyaɗa tana yin wannan aiki a cikin ƙasar gona, ba wuta ba hayaƙi.

Yaya take yi? Masana sun san wurin da aikin yake faruwa, wani ɗan dunƙule ne mai ƙwayoyin ƙarfe bakwai da na wani ma'adini da ake kira molibdenam guda ɗaya. Amma ƙananan abubuwan da ke kai da kawowa a cikinsa sun sarƙe da juna, irin sarƙewar da na yi bayani a baya, yadda kwamfutar yau take shan wuyar bin diddiginsu daki-daki. Wannan ita ce ainihin matsalar da ta haifi tunanin gaba ɗaya. A 1981 Richard Feynman ya yi wani jawabi a Amurka inda ya nuna cewa tunda halitta a can ƙasanta da dokokin kwantam take tafiya, mai son kwaikwayonta sai ya gina na'ura mai bin waɗannan dokoki. A 2017 wasu masu bincike daga Zurich da kamfanin Microsoft suka lissafa yadda za a yi amfani da irin wannan na'ura a binciki dunƙulen nan na saiwa. Har yanzu buri ne, babu buhun taki ko ɗaya da ya fito ta wannan hanya, kuma tsadar taki a wajenmu tana da wasu dalilan, kamar sufuri da darajar naira. Amma duk wanda ya ga manomi ya raba buhu ɗaya wa gonaki uku ya san me sauƙin taki yake nufi. Irin wannan fata ake yi a kan haɗa magunguna da ƙera batura masu daɗewa, domin su ma duk magana ce ta yadda ƙwayoyin zarra suke riƙe juna.

Saboda haka 'yan uwa, ga abin da za mu riƙe. Kwamfutar kwantam gaskiya ce, amma tana ɗakunan bincike, tana rarrafe, kuma aikinta na musamman ne. Ba ta shiga jaka, ba a rataya ta a wuya, ba ta duba lafiyar mutum ta tafin hannu, ba ta ninka wa kowa kuɗi. Wanda ya zo maka da ɗaya daga cikin waɗannan, ka tambaye shi kyubit nawa ke cikin tasa, a wane sanyi yake ajiye ta, ka ga yadda zai yi. Mai ciwo kuma asibiti ne wurinsa.

Ga 'yan uwana marubuta, mun iya kwatanta yadda zuciyar budurwa take bugawa har shafi uku, to ba za mu kasa kwatanta wannan ba. Kalmomin da na yi amfani da su, irin su makunni da sarƙewa, nawa ne na ɗora, wanda ya san waɗanda suka fi su dacewa ya kawo mu ɗauka. Yaran da ke aji ɗaya na sakandare yau su ne za su tarar da na'urar nan ta girma, kuma zai fi kyau su fara jin labarinta daga bakinmu da harshen da suke mafarki da shi.

A nan zan dakata, sai mun sake haɗuwa. Na bar ku lafiya.